Yadda Na Zama Akawun Masai

Ba zan taɓa mantawa da cin mutuncin da Sabo Ikko ya yi mini ba, ko mantuwar ta zo da ƙafarta zan kore ta. Mutumin nan ya sa an sauke mini masai cikin gingimari guda a tsakiyar Fagge, ranar walima, a gaban malamai da manyan gari, ina sanye da babbar rigar da ranar na fara saka ta. Har gobe akwai tsofaffi a Fagge da ba su san sunana na yanka ba, Akawun Masai kawai suka sani. Shi ya jawo mini. (Matata ta ce ni na jawo wa kaina. Ba ta wurin, don haka ba a sa bakinta.)

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo gari, wanda jiya yake tallan goro yau ka gan shi da jakar hannu yana cewa shi ɗan kwangila ne. Ina aiki wajen wani Alhaji a Fagge mai sayo kaya daga Ikko: siminti, kwanon rufi, injin ban-ruwa, tayoyi, duk dai abin da jirgin ruwa ya sauke. Ni ne akawunsa. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya (ba korata aka yi ba, ra'ayinmu ne ya bambanta da na shugaban makarantar), amma a gidan Alhaji ni ne mai boko, domin a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shi kuwa Sabo ɗan layinmu ne, tare muka yi firamare, shi ne wakilin Alhaji a Ikko. Shi yake shiga tashar jirgi, ya saya, ya loda, ya turo.

Tsakaninmu da shi teleks ne. Yaran yanzu ba su san ta ba. Wata na'ura ce kamar tafireta, a buga magana a Kano ta fito a takarda a Ikko. Alhaji ba shi da tasa, sai mu je Sabon Gari, ofishin wata mata da ake kira Madam Agi, haifaffiyar Sabon Garin ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ka ba ta saƙo ta buga, ka biya kuɗin minti. Can ma Sabo yana da irin wannan ofishi da yake leƙawa kullum da safe.

Matsalar aikin ɗaya ce. Ka aika a nemo siminti, gobe ka aika taya, jibi kwano, duk suna can ba amsa, sai rana ɗaya takarda ta fito ta ce, “Ya taso.” Wane ne ya taso? Oho. Sai a yi ta duba hanya kamar masu jiran ganin wata.

Nan ne basirata ta motsa. Na samo faffaɗan katako na kafe shi a bangon shagon Alhaji, na jera masa ƙusoshi. Duk saƙon da na aika sai in ba shi lamba, in rubuta lambar da fenti a murfin kwalbar lemo, in huda murfin in rataye shi a ƙusa. Idan amsa ta zo ɗauke da wannan lambar, sai in cire murfin in jefa shi a gwangwani. Abin da ke rataye shi ne abin da ake jira, abin da ke gwangwani ya wuce. Alhaji ba ya karanta boko, amma yana ganin murfi. Abin ya burge shi har yana jawo baƙi su zo kallo, yana cewa, “Ku ga aikin akawuna, Ikko ce gaba ɗaya a jikin bango.” Ni kuwa sai in sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina leƙen fuskokinsu ta ƙasan ido.

Sai Sabo ya yi wani kuskure. Alhaji ya sa na aika a sayo injin ban-ruwa, bayan 'yan kwanaki ya sake sa na aika wani, domin mutum biyu ne suke so. Sabo ya ga saƙo iri ɗaya, ya ɗauka maimaici ne, ya turo ɗaya. Da ya zo gida hutun salla, ban jira mun keɓe ba. A gaban Alhaji, a gaban direbobi da 'yan dako, na tsayar da shi gindin allona kamar ɗan aji ɗaya.

Na ce, “Sabo, buɗe kunnenka. Lamba ɗaya, oda ɗaya. Sabuwar lamba, sabuwar oda, ko da maganar iri ɗaya ce kamar tagwaye. Kai aikinka saye da lodi. Tunani a Kano ake yin sa.”

Ya ce, “To, Akawu.”

Da na ga mutane suna saurare, sai daɗi ya ɗebe ni na ƙara doka ta biyu. Na ce, “Kuma ka daina ƙona wa Alhaji kuɗin minti da su ‘na gani’ da ‘ina gaisuwa’. Kada in sake jin motsinka sai kaya sun hau mota.”

Ya sake cewa, “To, Akawu.” Har da ɗan murmushi.

Na sha jin “to” a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda ta yi mini tsada kamar wannan ba.

A shekarar ne Alhaji ya gama ginin benensa a Fagge. Ya je aikin hajji ya ga masan tangaran a masaukinsu, irin wanda ake zama a kai a ja ruwa, ya rantse sai an sa masa irinsa, guda huɗu, sama biyu ƙasa biyu. Ya sa ranar walimar tarewa. Kuma ya kira ni gefe ya ce zai buɗe babban kanti a Titin Ibrahim Taiwo, yana neman manaja, tsakanina da Sabo yake dubawa, amma a wurin walima zai faɗi wanda ya zaɓa. Yadda ya dafa kafaɗata, na san an gama. A ranar na je Kantin Kwari na yanki shadda.

Na tafi Sabon Gari na ba Madam Agi saƙo: lamba kaza, masan tangaran huɗu, farare, da tankunansu, da gaggawa. Na dawo na rataye murfi.

Shiru.

Lokacin tashar jirgi ta cushe, jirage sun yi layi a teku suna jiran a sauke su, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni damuwa ba, domin kullum da safe Alhaji zai shigo ya tsaya gaban allo, ya ɗaga sandarsa ya ɗan taɓa murfin nan ya ce, “Akawu, wannan ya fara tsatsa.” Masu ginin suna jira, sun bar ramuka huɗu a buɗe. Sai na fara gaya wa kaina cewa saƙon bai isa ba. Ai layin yakan cinye saƙo, in an yi ruwa ko an ɗauke wuta. Ban tuna cewa ni da bakina na hana mutumin cewa “na gani” ba. Wato na ɗaure bakin jaki, ina mamakin bai yi kuka ba.

Na koma wajen Madam Agi na ce ta sake bugawa.

Ta ce, “Lambar rannan zan sa?”

Na ce, “A'a. Lambar da ta ɓata a hanya ba ta da sa'a. Sa sabuwa.”

Ta dube ni ta saman tabarau. “Sa'a kuma, Akawu? Lamba ce fa, ba amarya ba.”

Na ce, “Madam, ni na ƙirƙiro tsarin nan.”

Ta ce, “Kai ne mai biyan minti.” Ta buga.

Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce, sabon murfi yana yi mini amfani. Idan Alhaji ya shigo ya ga murafu biyu maimakon ɗaya, ya san akawunsa ba barci yake yi ba. Da suka zama biyu shiru bai yanke ba, sai suka zama uku. Daga nan na daina lissafi. Kusan kullum ina kan kekena tsakanin Fagge da Sabon Gari, in ratsa cunkoson shataletalen Bata ina zagin masu turin kura, wata rana ma safe da yamma. Maganar ba ta canzawa, lambar ce kawai sabuwa. Ko sau ɗaya ban ce mata ta ƙara da “wannan tunin na baya ne” ba, domin zai ci minti. Ƙusoshi suka ƙare na ƙaro wasu. (Lemon da na sha a watan nan don in sami murfi, shi ne mafarin ciwon haƙorin da nake fama da shi yanzu. Wannan ma yana wuyan Sabo.)

Alhaji kuwa yana ganin layin murafu yana tsawo, yana gyaɗa kai yana cewa, “Akawu ya matsa musu lamba.”

Ana saura kaɗan walima, na shiga ofishin Madam Agi na tarar ta ajiye mini takarda doguwa kamar rawani. Daga Sabo. Ga lambobina nan duka, a jere, babu wadda ta ɓata, tun daga ta farko mai rashin sa'a har ta jiya. A ƙasa ya rubuta: “An loda duka. Mota ta taso.”

Wallahi sai da na yi hamdala a fili.

Madam Agi ta ce, “Akawu, in tambaye ka mana. Otal Alhaji yake ginawa?”

Na ce, “Gida ne, bene.”

Ta ce, “Ko asibiti?”

Na ce, “Madam, kin cika son jin gulma.” Na naɗe takardata na fita.

Ka ga dai, mai karatu, Allah ya aiko mini da gargaɗi da Hausa mai kyau, ban ji ba. Abin da na fahimta da “duka” shi ne duk saƙonnina sun isa. Na dawo shago na jira sai da Alhaji da baƙinsa suka zauna, sannan na tashi na fara cire murafu ɗaya bayan ɗaya, ina jefa su a gwangwani da ƙarfi don a ji ƙararsu. Na jima ina yi. Da allo ya yi fes, na juyo na kaɗe hannu na ce, “Ranka ya daɗe, an rufe maganar masai.”

Alhaji ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Ita ce ta ƙarshe da na samu daga gare shi mai tsawo haka.

Ranar walima an tare layin gaba ɗaya. An kafa rumfuna, an shimfiɗa tabarmi da dardumai tun daga ƙofar gida har bakin titi. Malamai sun yi sauka tun da hantsi. Ga manyan wakilai daga gidajen alƙalai da hakimai na cikin gari, ga abokan cinikin Alhaji na Kwari, ga surukansa da suka zo daga Borno da tawagarsu. Mota ba ta iso ba, amma Alhaji ya ce ba komai, tunda tana hanya. Ni ina ta kai da kawo cikin shaddata mai ƙarar sitaci, ina nuna wa mutane wurin zama da ɗan yatsa, ina gwada tafiyar manajoji. Har na tsara abin da zan ce idan an ambaci sunana: zan yi kamar ban zata ba.

Babban malami ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a, daga nan sai jawabin Alhaji. Sai muka ji ham ɗin gingimari.

Ta shigo layin da baya, a hankali, tana huci, an lulluɓe ta da tamfol har sama. Ta tsaya dab da dardumar farko. Direban ya leƙo, wani jibgegen mutum da tawul a wuya, ya ce da murya irin ta tasha, “Salamu alaikum. Ina akawun Alhaji?”

Da na yi shiru da wataƙila an ɗauka akawun ya fita. Amma ina, sai na ɗaga hannu, na ratsa manyan mutane ina tattare riga, na ce yadda kowa zai ji, “Ga ni. Kayana ne. Ni na yi odarsu.”

Ka riƙe wannan maganar, domin Fagge ta riƙe ta.

Ya ce, “To a sauke, yau zan juya, akwai lodin da ke jirana.”

Na ce, “Guda huɗu ne, a shiga da su ta baya.”

Ya dube ni, ya dubi yaran motarsa, suka yi dariya. Suka yaye tamfol.

Masai ne. Tun daga gindin mota har ƙololuwa, an kifa wani cikin wani, an cusa ciyawa a tsakani, farare tas suna ƙyalli a rana. Kafin in haɗiye yawu 'yan dako sun fara miƙo su, kuma da yake babu fili sai wanda aka share don baƙi, nan suka fara jera su, sahu-sahu, a gefen dardumai. Malam yana nan da hannu a sama, addu'a ta tsaya masa a “Allahumma”. Ƙarar tangaran kawai kake ji yana taɓa ƙasa, ƙwal, ƙwal, kamar yadda murafuna suka yi a gwangwani.

Ban taɓa yarda na ƙirga su ba. Mutanen Fagge sun ƙirga mini, kuma kowace shekara adadin ƙaruwa yake.

Wani kawun Alhaji, Baba Ɗanjuma, tsoho mai ciwon gwiwa wanda tun safe yake mitar zaman ƙasa, ya dogara sandarsa ya je ya zauna a kan ɗaya, ya gyara riga, ya ce, “Kai, Alhamdu lillahi. Sai yanzu aka tuna da masu gwiwa.” Ya sani sarai ko mene ne. Tsohon nan mugu ne.

Nan dariyar ta ɓalle. Ta fara daga wajen direbobi, ta bi ta kan 'yan Kwari, har ta kai ga surukai 'yan Borno da suka yi ta ƙoƙarin rufe baki da hannun riga. Mata suna leƙe ta tagogin bene.

Alhaji ya taso. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya bi sahun farko da kallo har ƙarshensa, ya dawo ya tsaya a gabana.

Ya ce, “Akawu, mu nawa ne a gidan nan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, layin ne yake cinye saƙo.”

Ya ce, “Bai cinye ba, ga shi ya amayo. Ko kuwa ka ji labarin wata annobar zawo tana tafe ne, ka ɓoye mana?”

Na buɗe baki in ce laifin Sabo ne. Sai direban ya zaro takarda daga aljihu ya ce Sabo ya ce a karanta wa Akawu in ya yi gardama. Ya karanta da ƙarfi, yana bin ta da yatsa: “Lamba ɗaya, oda ɗaya. Ban yi tunani ba.”

Direbobin da suke wurin ranar da na yi wa Sabo huɗuba suka kwanta a ƙasa don dariya.

Ba a faɗi sunan manaja ba ranar. Ni aka bari in kwashe kayana daga titi kafin la'asar, ina turin kura da shaddata, sitacin ya jiƙe ya manne mini a baya.

Abin da ya fi ci mini rai ma bai zo ba tukuna. Na zaci Alhaji ya yi asara, in samu abokin baƙin ciki. Ina. Lokacin kowa gini yake yi, kuma duk wanda ya zo walimar nan ya ga masan tangaran da idonsa, ya ga ma yadda ake zama a kai, albarkacin Baba Ɗanjuma. Kafin wata ya ƙare babu ko ɗaya, har ana rubuta suna ana jira. Alhaji ya mai da kantin Titin Ibrahim Taiwo na kayan ban-ɗaki zalla, ya kira Sabo daga Ikko ya ba shi manaja, wai shi ya san inda ake samo su. Sabo ya sayi mota a shekarar. Ni aka bar ni da allona, da kekena, da sunan. Wato ni na yi odar, ni na sha kunyar, ni na yi musu talla kyauta, wani ya hau kujerar.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu: in ka aika ba ka ji amsa ba, ba lallai saƙon ne ya ɓata ba, wataƙila yana can ana yi maka tanadi. Kuma in za ka hana mutum tunani, ka tabbata kai kana yi.

Amma wannan bai wanke Sabo ba. Ya ga saƙon nan suna shigowa kullum iri ɗaya, ya san gidan Alhaji ba bariki ba ne. Kalma biyu ta ishe shi.

Bara da Sabo zai tafi hajji, ya shiga neman yafiyar mutane kamar yadda ake yi. Ya aiko ƙanensa wurina, ban ce komai ba. Ya aiko limamin layinmu, na ba shi ruwa ya sha, muka yi hirar tsadar gero. Ya aiko matarsa wajen matata da turmin atamfa. Ya sake aiko ƙanen. Shiru. Rannan ina zaune a ƙofar gida sai ga shi da kansa, ya faka motarsa, ya fito da tumbinsa da carbinsa, ya tsuguna har ƙasa.

Ya ce, “Akawu, don girman Allah. Na yi ta aike, ban ji komai ba. Na ce ko saƙon ba ya isowa ne.”

Na bar shi a tsugune sai da ya ji a jikinsa. Sannan na ce, “Suna isowa, Sabo, ko ɗaya bai ɓata ba. Ka ci gaba da aikowa, ina tarawa. Ranar da suka cika mota, zan kawo maka yafiyar har ƙofar gida, in sauke maka ita a gaban mutane.”